MALAM ABDULLAHIN GWANDU DA ƘOFAR DA AKA RUFE MASA

 

Duk sa'ad da aka gama zaɓe, mulki ya bar hannun waɗansu ya koma hannun waɗansu, akwai wata tambaya da ba ta tsufa a bakin jama'a. Shin wanda aka kayar ya kamata ya miƙa hannu ga wanda ya ci su yi aiki tare, ko kuwa ya ja gefe ya zuba ido har abin ya lalace a hannun abokin hamayyarsa? Waɗansu suna ganin haɗa kai bayan faɗuwa kwaɗayin muƙami ne da cin amanar magoya baya. Waɗansu kuwa suna ganin ƙin haɗa kan shi ne cin amanar ƙasa. A zamanin Shehu Usmanu Mujaddadi babu jam'iyya, babu akwatin ƙuri'a, amma akwai mubaya'a, akwai ɓangarori, akwai wanda aka zaɓa da wanda aka tsallake. Wanda aka tsallake a shekarar 1817 kuwa shi ne mutumin da ake ganin bayan Shehu babu wanda ya kai shi ilmi a cikin jama'a, watau ƙanen Shehun, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu.

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wajen 1766, a ƙasar Gobir, kimanin shekara 12 bayan haihuwar Shehu. Zuriyarsu Toronkawa ne, kakanninsu daga Futa Toro suka taso suka zauna a wajejen Ƙonni. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami da harshen Fulatanci, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajuruma a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu Raji, ya kuma ɗauki karatu da ijaza a wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin Shehu. Shi da kansa ya jera sunayen malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu a cikin littafinsa Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta a shekarar 1812, kuma da wannan ɗan littafi ne ake sanin irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa kafin jihadi.

Tun yana saurayi ya zama inuwar wansa. Ya bi shi yawon wa'azi Kabi da Zamfara, inda suka yi kimanin shekara 5 suna karantar da mutane. A wannan tafiya ce wani malami mutumin Barno, ana ce masa Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar barin mata su halarci majalisin wa'azi tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Malam Abdullahi ya mayar da baitoci a kan ma'auni da amsa-amo irin na mai sukar, ya nuna barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni da abin da ake gudu, tun da yake ana keɓe musu wurinsu. Daga nan aka san wane ne alƙalamin jama'a. Yana tare da Shehu kuma a Magami, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin Idi ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a sauƙaƙa wa talakawa haraji, a saki 'yan sarƙa.

Da al'amari ya ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can jama'a suka ga ba su da makawa sai sun naɗa shugaba, suka zaɓi Shehu. Mutum na farko da ya ɗora hannunsa ya yi mubaya'a shi ne Malam Abdullahi, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu, sa'an nan Umaru Alkammu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan jeri, domin shekara 13 bayan haka za a juya shi. Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto ranar 21 ga Yuni, 1804, suna da dawaki kimanin 20 kacal, suka karya rundunar Gobir da mataimakanta Azbinawa. Shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a watan Afrilu na 1805, abin da ya ba jama'a damar sauka a Gwandu su sami wurin zama da abinci bayan wahalar yunwa. Saboda haka ba a iya cewa malamin zaure ne wanda bai san ƙurar fagen fama ba. Ya riƙe takobi, an ji masa rauni, ya kuma binne abokan karatunsa da hannunsa.

Binne abokan nan shi ne mafarin damuwarsa. A yaƙin Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'a sun yi hasarar mutane kimanin 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa kuma, ƙarshen 1805, aka sake karya su, bayan sojoji sun ƙi jin maganar shugabanninsu sun faɗa wa wani gari da ke cikin amana sun washe shi. Waɗanda suka fito tun daga Ɗagel don neman yardar Allah suka yi ta raguwa, waɗanda suka shigo daga baya don ganima suka yi ta ƙaruwa. Malam Abdullahi ya duba ya ga mutane sun mai da hankali ga tara dawaki da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma da neman sarautar garuruwa, irin abin da aka yi hijira don a guje masa. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, ana cikin tafiya yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale daga runduna shi da mutum 5, ya fuskanci gabas da niyyar ya tafi Makka da Madina, ya bar musu duniyarsu. Ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun kwana 3 a daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye, har Allah ya kai su Kano.

Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi suka hana shi wucewa. Suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsayar da shari'a, domin sun kori sarakunan da suka gabata amma ba su san abin da za su kafa a madadinsu ba, ga kuma jayayya a tsakanin manyansu. Da farko ya ƙi, ya nuna musu cewa abin da ya tarar a wurinsu shi ne abin da ya baro a baya. Da suka nace sai ya zauna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana yadda ake naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da aikin waziri da alƙali da sauran mataimaka, da hukuncin yaƙi da sulhu da dukiyar baitulmali. Ya ambata cewa sun karɓi wa'azinsa har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da kututturan gangunansu komayen da dawaki ke cin abinci. Bayan haka ya fasa tafiya gabas, ya juyo gida. Bai sami zuwa aikin Hajji ba har ya bar duniya.

Wannan tafiya ta Kano ita ce mabuɗin halinsa. Mutum ne wanda in ya ga abin da bai yarda da shi ba ba ya iya haɗiyewa, amma kuma bai taɓa tara runduna don ya tsaga jama'a ba, alhali kuwa yana da suna da mabiyan da zai iya yin haka. Makaminsa ja da baya da alƙalami. In ya huce, ko ya ga ana bukatarsa, sai ya komo ya ɗauki aikinsa inda ya ajiye. Da ya komo ɗin kuwa ya ci gaba da jagorantar yaƙe-yaƙen yamma, har ya ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna a Sifawa, shi kuma Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A shekarar 1812 Shehu ya raba aikin kula da ƙasa, ya ba ƙanensa yamma, ya ba ɗansa Bello gabas, shi kuwa ya koma ga karantarwa da wallafa.

Ko Shehu kansa bai tsira daga alƙalamin ƙanensa ba, kuma wannan yana daga cikin abubuwan ban sha'awa na wannan gida. Sun saɓa a kan mas'aloli da dama, kowa ya rubuta hujjarsa. Malam Abdullahi yana ƙyamar a kira shugaban Musulmi da sunayen sarauta irin na mulkin gado, yana tsananta hukunci a kan kaɗe-kaɗe da sa tufafin alhariri da zinariya ga masu mulki. Shehu kuwa yana ganin inda malamai suka yi saɓani ba a tsananta wa mutane. Mas'alar da ta fi nauyi ita ce hukuncin Musulmin da ya taimaki kafirai a kan Musulmi. Shehu da Bello sun bi fatawar Shehu Magili, cewa wannan kafirci ne. Malam Abdullahi, a cikin Liya'us Sulɗani, ya ce saɓo ne babba, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci sai in a kan kafircin kansa ya taimake su. Ba ƙaramin bambanci ba ne, domin a kansa ake sanin ko ya halatta a bautar da wanda aka kama a yaƙi ko bai halatta ba. Duk da haka, a cikin Najmul Ihwani Shehu ya hori almajirai su lazimci karanta littattafan ƙanensa domin shi mai tsare zahirin shari'a ne, su karanta na Bello domin shi mai kula da ilmin siyasar jama'a ne, su karanta nasa domin yana tsare ɓangarorin biyu. Ashe tun Shehu yana da rai akwai fahimta biyu a cikin gida, shi ne yake riƙe da su a hannu ɗaya.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can ranar 3 ga Jimada Lahir, 1232, daidai da 20 ga Afrilu, 1817. Malam Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi. Ya hau da jama'arsa ya nufo Sakkwato, amma kafin ya iso manyan da ke cikin gari sun riga sun yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Da ya iso sai ya tarar an rufe ƙofar gari. Masu tarihi suna danganta wannan shawara ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u, wanda ya ji tsoron kada ɓangarori biyu su haɗu a cikin gari ɗaya, gawar Shehu ba ta daɗe da shiga ƙasa ba, a zare takubba. Riwayoyi sun sha bamban a kan ko Shehu ya yi wasiyya da wanda zai gaje shi. Mutanen Sakkwato suna da tasu, mutanen Gwandu suna da tasu.

In an yi adalci, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Malam Abdullahi ya girmi Bello da kimanin shekara 15, baffansa ne, yana cikin malamansa, shi ne wazirin Shehu, shi ne farkon mai mubaya'a a Gudu, shi ne jagoran Tabkin Kwatto. Ya daɗe yana gargaɗi kada a mai da shugabancin Musulmi sarautar gado, ɗa ya hau in uba ya sauka, ga shi kuwa abin da ake gani da ido ya yi kama da haka. Waɗanda suka zaɓi Bello su ma ba a kan son zuciya kaɗai suka tsaya ba. Bello malami ne mai wallafa, yana da shekara 36, ƙarfinsa a cike. Sakkwato garinsa ne, shi ya gina shi. Shugabannin gabas, na Kano da Katsina da Daura da sauransu, da shi suka saba, tun ranar da ya wakilci Shehu ya gana da su a Birnin Gada. Ga kuma abokan gaba a Gobir da Zamfara da Kabi suna jiran su ji an ce Shehu ya kau. Mai yiwuwa kuma waɗansu manya sun yi tunanin tsananin Malam Abdullahi, suka ga zama a ƙarƙashinsa zai yi musu wuya. Amma ko da zaɓen ya yi daidai, rufe wa dattijo irin wannan ƙofa ranar makokin ɗan'uwansa abu ne mai ciwo, kuma ba a ga laifinsa ba da ya ji ciwon.

Ya juya kan dabbarsa ya koma, daga baya ya tattara ya tafi Gwandu ya zauna. Bai yi mubaya'a ba, bai kuma ɗaga tuta ba. Abin da ya yi shi ne abin da ya saba, ya ɗauki alƙalami. A cikin wannan shekara ya rubuta Sabilus Salama a kan sha'anin imamanci, ya tattaro maganganun malamai game da sharuɗɗan shugaba da hanyoyin da shugabanci ke ƙulluwa da wanda ya fi cancanta. Bello ya mayar da amsa da nasa littafin mai suna Insafi, inda ya rarrabe abin da malamai suka haɗu a kansa da abin da suka saɓa a sha'anin halifanci. Baffa da ɗa suna jayayya a kan mulkin ƙasa mai faɗi daga Gurma har Adamawa, makamansu tawada da takarda. Irin wannan jinkiri yana da asali a tarihin Musulunci. Ranar Saƙifa, a shekara ta 11 ta Hijira, mutanen Madina sun gabatar da Sa'adu ɗan Ubada kafin a tsaya a kan Sayyadina Abubakar, kuma ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Sayyadina Aliyu ya yi wata 6 kafin ya yi mubaya'a, daga baya ya zama abokin shawarar halifofi. Sai dai jinkirin Gwandu ya kai shekaru, kuma hukuncin fiƙihu a nan ba ya da sassauci: ba a yin shugabanni biyu a zamani ɗaya. Waɗansu malamai sun yi rangwame in ƙasashe sun yi nisa da juna ƙwarai, amma Gwandu da Sakkwato maƙwabta ne, babu teku babu hamada a tsakaninsu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin shekara ta zagayo tawaye ya tashi ta ko'ina. Wanda ya fi tsanani shi ne na Malam Abdussalami, Ba'are, tsohon almajirin Shehu, mutumin da a kan jama'arsa ta Gimbana aka fara rikici da Yunfa. Yana ganin an tauye shi a rabon ƙasa, yana kuma zargin masu mulki da zalunci, kuma abin lura shi ne waɗansu daga cikin koke-kokensa sun yi kama da abin da Malam Abdullahi ya daɗe yana faɗa. Da Malam Abdullahi mai neman ramuwa ne, da ga abokin tafiya ya samu a ɓagas. Bai kula shi ba. Bello ya yi ta musayar wasiƙu da Abdussalami, waɗanda ya tattara a littafinsa Sardul Kalami, da lallashi ya ƙi ci sai aka yi yaƙi, aka ci garinsa Ƙware a farkon 1818. Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura.

Sauran mutanensa suka watsu, da yawansu suka taru a wani gari mai ganuwa kusa da Gwandu, ana ce masa Kalambaina. Wutar da aka kashe a ƙofar Sakkwato ta koma ta kama a ƙofar Gwandu. Malam Abdullahi ya yi ta kai musu yaƙi ba tare da nasara ba, abin ya ɗauki lokaci mai tsawo, har Gwandu kanta ta shiga haɗari, ga kuma Kabawa suna ta ƙara ƙarfi a gefe. A nan ne gwajin ya koma kan wanda ya ci zaɓe. Bello yana iya zama a Sakkwato ya ce wanda bai yi masa mubaya'a ba ba shi da haƙƙin taimako a kansa, ya bari wahala ta durƙusar da baffansa sa'an nan ya tafi ya karɓi yamma ya haɗa da gabas. Masu ba da irin wannan shawara ba su taɓa ƙaranci a fadar kowane mai mulki ba. Riwayar da ta fi shahara ta nuna Giɗaɗo, wanda ake cewa shi ya sa aka rufe ƙofa, shi ne kuma ya shiga tsakani ya yi ta kai da kawowa har Bello ya ɗaura sirdi. Rundunar Sakkwato ta haɗu da ta Gwandu, aka ci Kalambaina wajen shekarar 1821.

Abin da ya faru bayan an gama yaƙin shi ne abin da mutanen ƙasashen biyu suka fi riƙewa. An ruwaito cewa Bello yana kan ingarman yaƙi, Malam Abdullahi kuwa yana kan goɗiya kamar yadda malamai suka saba. Da suka fuskanci juna sai Bello ya yunƙura zai sauka ya gai da baffansa, kamar yadda ɗa ke yi wa uba. Malam Abdullahi ya yi masa ishara da hannu ya zauna a kan dokinsa, shi kuwa ya sunkuya daga kan tasa dabbar ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. An kuma ruwaito cewa ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo, alamar ya sallama masa wazircin da shi ya riƙe a zamanin Shehu. Kowannensu ya ba da abin da ɗayan yake bukata a gaban idon runduna biyu: ɗan ya nuna sarauta ba ta shafe girman baffa ba, baffan ya nuna girma da ilmi ba su ɗauke masa wajabcin bin shugaba ba. Tsakanin ƙofar da aka rufe da wannan gaisuwa kimanin shekara 4 ne.

Sulhun bai zama haɗiye ɗaya ba. Bello bai karɓe yamma ba, bai aika da nasa mutum Gwandu ba. Rabon da Shehu ya yi a 1812 ya tsaya yadda yake. Sarkin Musulmi ɗaya ne, yana Sakkwato, amma Gwandu ita ke naɗa sarakunan da ke ƙarƙashinta, ita ke karɓar gaisuwarsu, ita ke sauraron ƙararrakinsu. A ƙarƙashin Gwandu ne ƙasashen Nufe da Ilori da Yawuri suka kasance, da garuruwan bakin Kwara irin su Sayi, har zuwa Liptako a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Haka kuma sulhun bai share saɓanin fatawa ba. Littattafan suna nan, na baffa da na ɗa, kowa da hujjarsa a kan hukuncin masu taimakon abokan gaba da sauran mas'aloli, almajirai suna karanta duka biyu a zaure ɗaya. Malam Abdullahi ya yi mubaya'a ga shugaba, bai yi alkawarin daina faɗin abin da ya gani daidai ba, kuma ba a nemi haka daga gare shi ba.

Bayan Kalambaina ya janye jikinsa daga yawancin harkokin mulki. Ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mai Tambuwal, ya koma ga abin da zuciyarsa ta fi so tun farko. Littattafan da ake danganta masa sun kai 100 ko fiye. Babbansu shi ne tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda ya gama wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira a 1961. Da ya ga ya yi wa ƙananan almajirai nauyi saboda yawan ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi, sai ya rubuta musu wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wajen 1822, a kan riwayar Warshu da mazhabar Maliku waɗanda mutanen ƙasar nan suka sani. A nahawu yana da Baharul Muhiɗi, a sarfu yana da Hisnur Rasini, dukansu waƙaƙƙu ne masu baitoci da yawa, a ilmin tafsiri kuma yana da Miftahut Tafsiri. Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a 1813, an buga shi tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa aka sa masa, a garin da aka taɓa rufe masa ƙofa.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, yana da shekara 65 a lissafin Hijira, aka binne shi a can, hubbarensa yana nan ana ziyara. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, kuma a 1831 rundunar Gwandu da ta Sarkin Musulmi Bello suka sake fita tare suka yaƙi Sarkin Kabi Karari na Argungu. Bayan Muhammadu sai ɗan'uwansa Halilu ya hau, shi ma malami ne sananne, ya daɗe a kan gado. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Tsarin da baffa da ɗa suka tsayar a bakin ganuwar Kalambaina ya ci gaba a hannun 'ya'yansu da jikokinsu, gida biyu a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ɗaya, har zuwan Turawa a 1903. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya, amin.